Ɗora Windows a kan faifan SSD a wata kwamfuta, sannan a mayar da shi cikin wata: zai tashi kuwa?

Ɗan Koyo ya rubuta:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Ina da tambaya wadda nake fatan masu ilimin abin za su warware mini kafin in taɓa komai. Akwai wata kwamfutar tafi-da-gidanka da faifan ajiyarta ya mutu, na kuma samo sabon faifan SSD mai gigabait 512, irin mai inci 2.5 da ake haɗawa ta SATA, domin in maye gurbinsa. Damuwar ita ce kafofin USB na kwamfutar duka ba sa aiki, ko linzami aka soka ba ya kawo wuta, ba ta kuma da wurin saka faifan DVD, saboda haka hanyar da kowa ya sani, wato a tayar da ita daga filash a ɗora mata Windows, a toshe take.

Abin da ya zo mini a rai shi ne in haɗa sabon faifan da kwamfutata ta tebur, in ɗora masa Windows a can, idan an gama in cire shi in saka a cikin ƙaramar, wato ta tafi-da-gidankan. Sai dai kwamfutocin biyu ba su yi kama da juna ba ko kaɗan: ta teburin tana da furosesa na AMD, ƙaramar kuwa Intel Core i5 ne na zubi na takwas, da RAM gigabait 8. Na ji wasu suna cewa Windows yana ɗaure kansa da kwamfutar da aka ɗora shi a kanta, ba zai yarda ya tashi a wata ba, wasu kuma suna cewa wannan tsohon zance ne. Ina so in san wanne ne daidai. Ina kuma so in san ko aikin zai iya lalata Windows ɗin da ke kan kwamfutar teburin, domin ita nake aiki da ita kullum, da kuma yadda lasisi zai kasance. Ina da wayar SATA da zan iya haɗa faifan da ita a ciki, ina kuma da ɗan gidan faifai da ake sokawa ta USB, ban san wanne ya fi dacewa ba. Idan Windows ɗin ya gagara, ba zan ƙi Linux ba. Na gode.

Mai Gyara ya rubuta:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abin yana yiwuwa, kuma duka maganganun biyu da ka ji suna da tushe, zamani ne kawai ya raba su. A lokacin Windows XP da Windows 7, idan aka ɗauke faifai daga wata kwamfuta zuwa wata mai madabod daban, wato babban allon da sassan kwamfuta suke haɗe a kansa, sau da yawa shuɗin allon kuskure ake samu, domin manhajar ba ta loda direban da bai dace da na'urar da ta saba da ita ba (direba shi ne 'yar manhajar da ke sa Windows ya iya aiki da wata na'ura). Daga Windows 8 zuwa yau abin ya yi sauƙi ƙwarai: Windows 10 da 11 suna gane cewa sun farka a sabon wuri, su ɗan daɗe suna shirya na'urori, sannan su tashi. Bambancin AMD da Intel da ya tsorata ka shi ne mafi ƙanƙanta a cikin matsalolin.

Inda mutane suka fi faɗawa shi ne wajen fayilolin tashi. Kwamfuta mai UEFI, wato sabon tsarin tayar da kwamfuta, ba ta tashi daga ɓangaren da Windows yake zaune kai tsaye. Tana fara neman wani ɗan ƙaramin ɓangare ne mai tsarin FAT32, wanda ake kira ɓangaren EFI, a can take samun abin da zai nuna mata hanya. To idan ka haɗa sabon faifan a kwamfutar tebur alhali tsohon faifanta yana nan a haɗe, mai ɗora Windows zai iya ganin akwai ɓangaren EFI a tsohon faifan, sai ya ga babu buƙatar ya ƙirƙiri wani, ya zuba fayilolin tashin sabon Windows ɗin a can. Komai zai yi aiki lafiya muddin faifan biyu suna tare, kai kuma ka ɗauka ka gama. Ranar da ka cire sabon ka saka a ƙaramar kwamfutar sai ta ce ba ta ga abin da za ta tashi da shi ba, domin an yi kamar wanda ya gina ɗaki a gidansa amma ya kafa ƙofar a gidan maƙwabci. Ita ma ta teburin za ta riƙa tambayarka wane Windows kake so a cikin biyu, alhali ɗayan ya tafi.

Saboda haka idan hanyar da aka saba za ka bi, ka kashe kwamfutar teburin, ka zare wayoyin dukkan faifanta, ka bar sabon SSD ɗin shi kaɗai a kan wayar SATA. Wannan shi ne kuma amsar tsoron da kake yi game da Windows ɗinka na aiki: faifan da ba ya haɗe babu abin da zai same shi. Gidan faifai na USB ba zai yi maka amfani a wannan hanyar ba, domin mai ɗora Windows yana ƙin girka shi a kan faifan da aka haɗa ta USB. Ka tayar da ita daga filash, ka lura ka zaɓi sunan filash ɗin da ke da UEFI a gabansa a jerin tashi, ka ce ba ka da lambar lasisi, ka zaɓi faifan da babu komai a kansa. Zai kwafi fayiloli, ya buɗe su, sannan ya sanar da kai cewa zai sake tayar da kwamfutar bayan 'yan daƙiƙu. Wannan lokacin shi ne naka. Da zarar allon ya yi baƙi, kafin tambarin Windows ya fito, ka danne maɓallin wuta har ta mutu, ka cire faifan ka kai shi inda aka nufa da shi. Dalili kuwa shi ne a zagaye na farko kwafi kawai aka yi, ba a riga an duba na'urorin kwamfutar ba. Dubawar tana faruwa ne a tashi na biyu, kuma kana so ƙaramar kwamfutar ce za ta zama ta farko da Windows ɗin zai buɗe ido ya gani.

Ni dai na fi son wata hanyar, wadda ba ta buƙatar sauri da maɓallin wuta, ba ta kuma buƙatar ka buɗe kwamfutar teburin, domin da gidan faifai na USB ake yin ta daga cikin Windows ɗinka yana aiki. Ka sauko da fayil ɗin ISO na Windows, wato kwafin faifan ɗora shi, ka danna shi sau biyu ya buɗe kamar faifai, a ce ya sami harafin D. Ka buɗe wurin rubuta umarni a matsayin mai cikakken iko, ka shiga diskpart, wato manhajar yanka faifai, ka rubuta list disk, ka tsaya ka duba girman kowane faifai da kyau kafin ka zaɓa, domin umarnin clean ba ya tambayar ko ka tabbata, kuma faifan da ka zaɓa shi zai share. Bayan clean sai convert gpt, sai ka yanki ɓangaren EFI da create partition efi size=260, ka yi masa fomat na FAT32 ka ba shi harafin S, sai ɗan ɓangaren MSR mai megabait 16 idan bai riga ya samu ba, ragowar kuma ka mai da shi ɓangare ɗaya na NTFS mai harafin W. Daga nan umarni uku ne suka rage:

Dism /Get-WimInfo /WimFile:D:\sources\install.wim

Dism /Apply-Image /ImageFile:D:\sources\install.wim /Index:1 /ApplyDir:W:\

bcdboot W:\Windows /s S: /f UEFI

Na farko zai jero maka nau'o'in Windows da ke cikin fayil ɗin da lambar kowanne, sai ka sa lambar wanda kake so a madadin 1 da ke cikin na biyu. Idan install.esd ka tarar a foldar maimakon install.wim, sai ka canza sunan kawai. Na uku shi ne wanda yake kafa ƙofar a inda ya kamata, kuma saboda an sa /s, ba ya rubuta komai a jerin tashin kwamfutar teburin, yana ajiye fayil ne a wurin da kowace kwamfuta mai UEFI take dubawa idan ba ta da wani adireshi.

Kafin duk wannan, ka shiga BIOS na ƙaramar kwamfutar, wato shafin saitinta na tushe, wanda ba ya buƙatar faifai kafin ya buɗe, ka gaya mana abu biyu: a UEFI take ko a Legacy, wato tsohon tsarin tashi, da kuma abin da aka rubuta a wajen saitin SATA. Ka duba kuma ko ba a kashe kafofin USB ɗin daga can ba, domin wasu kwamfutocin ofis ana kashe musu su da gangan.

Ɗan Koyo ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Malam, Allah ya ƙara ilimi. Na shiga BIOS ɗin na duba. Kafofin USB a kunne suke a saiti, ke nan lalacewa ce ta gaske. Tsarin tashi yana kan UEFI, Secure Boot ma a kunne yake, na kuma ga TPM 2.0, wato ɗan guntun tsaron da ke ajiye mabuɗai. A wajen SATA kuwa ba AHCI aka zaɓa ba, an rubuta Intel RST ne, amma akwai AHCI a cikin zaɓin. Na juya kwamfutar ban ga takardar lambar lasisi a ƙarƙashinta ba, ban kuma tuna ko Home ne ko Pro yake kanta a da ba. Hanyar DISM ɗin ta fi kwanta mini a rai, tunda ba sai na zare faifan aikina ba.

Malamar Kwamfuta ta rubuta:

Ɗan'uwa, wannan saitin na SATA da ka ambata, wato zaɓi tsakanin AHCI da RST, hanyoyi biyu na sarrafa faifai, shi ne abin da ya fi kamata ka gyara kafin ka saka faifan. Windows ba zai iya karanta faifan da yake kansa ba sai yana da direban na'urar da ke sarrafa faifan, kuma dole direban ya kasance a hannu tun daƙiƙar farko, ba bayan an tashi ba. Idan babu shi, abin da za ka gani shi ne shuɗin allo mai rubutun INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE, wanda tsofaffin masu gyara suka sani da lambar 7B. Direban AHCI yana cikin kowane Windows na zamani, na RST kuwa ba kowane zubi ne ake samun wanda ya dace a ciki ba. Tunda faifai ɗaya ne a kwamfutar, tsohon Windows ɗin da aka ɗora a kan RST kuma ya riga ya tafi da faifansa, babu abin da za ka rasa idan ka mayar da saitin zuwa AHCI yanzu. Ka yi shi kafin tashin farko, kada kuma ka sake taɓa shi bayan Windows ya zauna, domin canza shi daga baya yana jawo wannan shuɗin allon. Masu sababbin kwamfutoci, daga Intel zubi na 11 zuwa sama, su ma su lura, domin da yawa daga cikinsu suna zuwa da wani tsari mai suna VMD wanda yake ɓoye faifan NVMe har sai an kawo direbansa.

Akwai kuma abin da ya shafi halin da kake ciki kai kaɗai, wanda ban ga an taɓo ba. Windows 11 yana neman intanet a lokacin saitin farko, kuma idan bai gane katin Wi-Fi na kwamfutar ba, zai tsaya a shafin neman hanyar sadarwa babu sunan ko ɗaya a jerin. Mai kafar USB sai ya kawo direban a filash, ko ya haɗa wayarsa ta hannu ya ari intanet. Kai duka biyun ba ka da su. Saboda haka tun faifan yana haɗe da kwamfutar tebur, ka je shafin kamfanin da ya ƙera ƙaramar, ka sauko da direbobin Wi-Fi da na kafar wayar intanet da na allon taɓawa, ka buɗe su har ka ga fayiloli masu ƙarewa da .inf, ka tara su a folda ɗaya, sannan ka cusa su da wannan umarni bayan an gama zuba Windows ɗin:

Dism /Image:W:\ /Add-Driver /Driver:C:\direbobi /Recurse

Ka kuma kwafi foldar kanta zuwa cikin W, ko da za ka buƙace ta daga baya.

Game da lasisi, rashin takarda a ƙarƙashin kwamfutar alama ce mai kyau. Tun daga Windows 8 kamfanoni suka daina manna lambar, suna rubuta ta ne a cikin madabod, saboda haka mutuwar faifai ba ta taɓa ta. Idan kuma kwamfutar ta taɓa samun lasisin dijital, bayanin yana wurin Microsoft, an ɗaure shi da madabod ɗin, kuma zai dawo da kansa idan ta shiga intanet. Sharaɗin ɗaya ne: nau'in da ka ɗora ya zama shi ne wanda take da lasisinsa. Lasisin Home ba ya kunna Pro. Tunda ba ka tuna ba, ka fara da Home, domin hawa daga Home zuwa Pro canjin lamba ne kawai, saukowa daga Pro zuwa Home kuwa yakan kai ga sake ɗorawa daga farko.

Akwai kuma wani dalili da zai sa kada a bar Windows ɗin ya kammala saitinsa a kwamfutar tebur. Sababbin zubin Windows 11, daga 24H2, suna iya kulle faifai da BitLocker da kansu idan an shiga da asusun Microsoft, mabuɗin kuma yana zama ne a cikin TPM na kwamfutar da aka yi saitin a kanta. Faifan da aka kulle a can, idan ya je wata kwamfutar, abin da zai fara nema shi ne lambar ceto mai alƙaluma 48.

Mai Son Linux ya rubuta:

Tunda ɗan'uwa ya ce ba zai ƙi Linux ba, bari in faɗi yadda abin yake a wannan ɓangaren, ko da wani mai irin tambayar zai amfana. A Linux babu maganar lasisi, kuma galibin direbobi suna tafe ne tare da kanal, wato zuciyar manhajar, ana loda wanda ya dace a kowane tashi gwargwadon na'urar da aka tarar. Shi ya sa za ka iya ɗora Ubuntu ko Linux Mint ko Debian har ƙarshe a wata kwamfuta, ka yi amfani da shi, ka ɗauke faifan zuwa wata, ya tashi kamar can aka ɗora shi. Yana kuma yarda a girka shi a faifan da ke cikin gidan USB. Masu ɗorawa na zamani suna rubuta lambar UUID ta kowane ɓangare a fayil ɗin fstab maimakon suna irin sda ko sdb, saboda haka canjin matsayin faifai ba ya rikita shi.

Amma kada a ɗauka babu tarko. Tarkon ɓangaren EFI da Malam Mai Gyara ya bayyana yana nan, har ma tsohon mai ɗora Ubuntu ya yi suna wajen zuba GRUB, manhajar da ke tayar da Linux, a ɓangaren EFI na farko da ya gani ko da an nuna masa wani, saboda haka zare sauran faifai ya fi kowace dabara. Na biyu shi ne jerin tashi. Sunan da kake gani a BIOS, irin ubuntu ko debian, ba a kan faifai yake ba, yana cikin wata 'yar ma'ajiya ce a madabod, kuma ba ya bin faifan idan ya yi ƙaura. Kwamfutar da ba ta da wannan sunan tana duba wuri ɗaya ne, wato fayil ɗin BOOTX64.EFI a cikin foldar EFI\BOOT. Ubuntu yana ajiye shi a can. A Debian kuwa gara mutum ya tabbatar da kansa, ta hanyar ƙara --removable a umarnin grub-install, ko ya amsa da e idan mai ɗorawa ya tambaye shi game da hakan. Na uku shi ne ɗan ƙunshin direbobin da ake lodawa kafin a kai ga faifai, wanda ake kira initramfs. Debian da Ubuntu sun saba cusa direbobi masu yawa a cikinsa, Fedora kuwa tana gina shi ne daidai da kwamfutar da take kai, don haka mai Fedora ya sake gina shi da dracut --no-hostonly kafin ya cire faifan.

Abu na ƙarshe, kada a sa direban katin hoto na NVIDIA na kamfani a kwamfutar aro idan wadda za a kai faifan ba ta da wannan katin, a bari sai an isa. Shawarar AHCI da Malama ta bayar ta fi ƙarfi ma a nan, domin Linux yakan kasa ganin faifai gaba ɗaya a wasu kwamfutocin da aka bari a kan RST.

Dattijon Zaure ya rubuta:

Duk abin da aka faɗa daidai ne, sai dai ina da ja a kan abu ɗaya. Hanyar DISM tana tsallake binciken da mai ɗora Windows 11 yake yi, wato na TPM 2.0 da Secure Boot da nau'in furosesa da RAM gigabait 4 da faifai mai gigabait 64. Ga mai tambaya wannan ba damuwa ba ce, domin Intel zubi na takwas yana cikin waɗanda aka amince da su. Amma wanda zai karanta wannan ya gwada a tsohuwar kwamfuta ya sani cewa rashin gargaɗi ba ya nufin ta cancanta. Zubin 24H2 ba ya ma tashi a furosesan da ba shi da rukunin umarnin da ake kira SSE4.2, kuma Windows 10 da za a ce a koma masa tallafinsa na gama-gari ya ƙare a ranar 14 ga Oktoban 2025. Haka nan idan kwamfutar Legacy kaɗai ta sani, to faifai mai tsohon tsarin yanka ɓangarori na MBR take buƙata ba GPT ba, umarnin bcdboot ma sai a canza ƙarshensa zuwa /f BIOS a kuma sa wa ɓangaren tashin alamar active.

Ni a wurina, tunanin da ya fi dacewa da kwamfutar da ba ta da kafar USB shi ne a ɗora mata mai ɗorawar, ba Windows ɗin ba. Ka yanki ɓangare mai gigabait 8 zuwa 10 a sabon faifan, ka yi masa fomat na FAT32, ka kwafe duk abin da ke cikin ISO ɗin zuwa can, ka bar sauran faifan babu komai. FAT32 ba ya karɓar fayil da ya kai gigabait 4, install.wim kuma yakan wuce haka, sai ka tsaga shi da Dism /Split-Image zuwa guntaye masu ƙarewa da .swm, waɗanda mai ɗorawar ya san yadda zai haɗa su. Mafi yawan kwamfutoci masu UEFI za su tashi daga wannan ɓangaren kamar filash ne, ka ɗora Windows a filin da ya rage, kana kula kada ka share ɓangaren da kake tsaye a kansa. Ribar ita ce kwamfutar ce da kanta za ta yi aikin daga farko har ƙarshe, ta karanta lambar da ke madabod ta zaɓi Home ko Pro ba tare da ka yi canke ba. Riba ta biyu ita ce ranar da Windows ɗin ya lalace, ba sai ka sake kwance kwamfutar ka ciro faifai ba.

Ina kuma jan hankali game da gidan faifai na USB. Wasu daga cikinsu suna nuna wa kwamfuta faifan da ma'aunin sashe, wato ƙaramin gurbin ajiya a kan faifai, na bait 4096 alhali shi kansa 512 yake amfani da shi, sai a yanka ɓangarori a kan wancan ma'aunin, idan aka mayar da faifan kan SATA kai tsaye a tarar lissafin bai hau ba, ya zama kamar babu komai a kansa. Ka buɗe msinfo32, ka je wajen bayanin faifai, ka duba adadin bait na kowane sashe kafin ka fara. Idan 512 ka gani ka ci gaba, idan 4096 ne ka ajiye gidan ka ɗauko wayar SATA.

Ɗan Koyo ya rubuta:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na duba gidan faifan kamar yadda Baba ya ce, 512 ya nuna. Na bi hanyar DISM da Windows 11 Home, na cusa direbobin da Malama ta lissafa, na mayar da SATA zuwa AHCI, sannan na bar gigabait 10 a ƙarshen faifan na zuba mai ɗorawar a ciki domin gaba. Da na kunna ta, ta daɗe a kan ɗigogin da ke juyawa, ta sake tashi da kanta, sannan ta kawo shafin zaɓen ƙasa da harshe, Wi-Fi kuma ya bayyana nan take. Abu ɗaya ne ya rage: a shafin lasisi ta ce Windows bai kunnu ba. Ko akwai yadda zan gane nau'in da aka rubuta a madabod ɗin ba tare da na sake ɗorawa ba?

Malamar Kwamfuta ta rubuta:

Akwai, ɗan'uwa. Ka buɗe PowerShell a matsayin mai cikakken iko ka rubuta wannan:

Get-CimInstance SoftwareLicensingService | Select OA3xOriginalProductKey, OA3xOriginalProductKeyDescription

Idan akwai lamba a madabod, zai nuna maka ita mai haruffa da alƙaluma 25, tare da bayanin nau'inta. Idan ka ga Professional a bayanin, ka je Settings, sai System, sai Activation, ka zaɓi canza lambar lasisi ka shigar da ita, kwamfutar za ta hau Pro ta sake tashi ba tare da ta taɓa fayilolinka ba. Idan Core ka gani, wannan shi ne sunan Home a wurinsu, sai ka shigar da lambar a wuri guda ɗin, ko ka danna mai warware matsalar lasisi da ke shafin. Kada ka liƙa lambar a nan zauren. Idan kuma duka wuraren biyu suka fito babu komai, ka faɗa mana lambar kuskuren da shafin yake nunawa, wadda take farawa da 0x, domin ita ce za ta bambance mana ko rashin dacewar nau'i ne ko kuwa kwamfutar ba ta taɓa samun lasisin dijital ba.